Zuwa ga Bazazzagin kasuwar Hasahisa, mai wa'azin manhajar kyauta

Bazazzagi, gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa. Ina fata ka warware daga zazzaɓin da ya rufe ka ranar da layin biyan kuɗin gahawar jabana ta majalisa ya zo kanka.

Labari ya iske ni cewa tun da ka sake buɗe shagonka ka ajiye sana'ar da aka san ka da ita, wato buga takardu da wankin hoto da haɗa bidiyon biki, ka koma wa'azi. Mutum ya shigo neman kwafin takarda ɗaya, sai ka jawo masa kujera ka buɗe babin buɗaɗɗiyar manhaja. Wai restic, wai Borg, wai duk mai biyan kamfani kuɗin wata don a ajiye masa hotuna a intanet yana bukatar rubutun sha. An ce wani dattijo da ya zo buga takardar sadakin ɗansa ya fita yana tambayar yara ko Borg ɗin nan sabon maganin tsutsar auduga ne, kuma nawa ake sayar da galan.

Jama'ar kasuwa sun ɗauka aƙida ce ta kama ka. Ni na san asali. Kakana da kakanka tare suka taso da ƙafa za su Makka, ɗaya daga Kano, ɗaya daga Zazzau, suka yada zango a Jazira suna tsinkar auduga don su tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin. Nawa ya tara, ya je, ya dawo Alhaji. Naka ya tara, ya ƙulle a tsumma, ya dubi ƙullin ya ga ya yi masa kyau, ya ce Makka ba guduwa za ta yi ba. To jikan wannan bawan Allah ne aka gaya wa akwai manhajar da ba a biya. Ai ko ba ta aiki sai ka yi mata waƙa.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne a wannan karon rowarka ta yi tuntuɓe da gaskiya, kuma dole in faɗa.

Mu a Sudan mun san ƙofa a rufe. Daga 1997 har Oktoban 2017 takunkumin Amurka yana wuyan ƙasar nan, kuma bai tsaya kan bankuna da kayan gyaran jirgi ba, ya biyo mu har cikin wayar aljihu. Ka tuna shekarun da za ka nemi sauke manhaja a rubuto maka cewa ba a yi da ƙasarku. Sai a Fabrairun 2015 aka sassauta kan manhajojin sadarwa. Katin Visa kuwa sai a 2021 bankunanmu suka fara bayarwa, bayan an cire Sudan daga jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da goyon bayan ta'addanci a Disambar 2020. Ko SourceForge, babban shafin rabon buɗaɗɗun manhajoji a zamaninsa, sai da ya toshe mutanen Sudan a 2010. Bambancin kawai shi ne buɗaɗɗiyar manhaja in ta shigo gari sau ɗaya a faifai, halal ne kowa ya kwafa ya ba maƙwabcinsa, ba wani lasisi da zai ƙare, ba wani ofis a ƙetare da zai kashe ta daga nesa. Wanda ya rayu shekara ashirin a wannan hali yana da hujjar ƙin ɗora ajiyarsa kan yardar wani.

Kuma a harkar ajiya maganar ta fi nauyi. Manhajar ajiya ba kwafi kawai take yi ba. Tana daddatsa fayil gutsi-gutsi, ta zubar da gutsuren da ya maimaitu don kada a biya wuri biyu kan abu ɗaya, ta matse sauran, ta kulle da kalmar sirri, sannan ta jera su bisa wani tsari nata. In kamfani ne kaɗai ya san wannan tsari, to ranar da za ka buƙaci kayanka sai kamfanin yana raye, sai asusunka yana buɗe, sai kuɗin watanka ya shiga. Kamfanoni kuwa suna sauya ra'ayi ba tare da sun shawarci kasuwar Hasahisa ba. CrashPlan ya sanar a 2017 cewa ya daina yi da masu ajiyar gida, kowa ya kwashe nasa. Amazon ya rufe Amazon Drive a ƙarshen 2023. Google ya daina karɓar hotuna kyauta ba iyaka daga 1 ga Yuni 2021. Tsarin restic da na Borg kuwa a rubuce suke a fili, kuma kai ke zaɓar inda kayan za su kwana: faifan da ke jakarka, kwamfutar ɗan'uwanka a Jidda, ko rumbun haya. Mai rumbun in ya tsawwala, ka kwashe ka kai wani, manhajar ba ta damu ba.

To na ba ka wannan. Riƙe shi da kyau, don ba za ka ƙara samun wani daga hannuna ba bana.

Yanzu mu zo kan Disambar 2023, da yaƙi ya iso Jazira. Madani ta faɗa hannun dakarun RSF, cikin 'yan kwanaki Hasahisa ta bi, kowa ya fita da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Ba na wasa da waɗanda suka rasa rai, Allah ya jiƙan su. Amma kai ka fita da ranka da iyalinka lafiya, don haka haƙƙina na dariya yana nan, in ban yi ba wa zai yi? Shekaru kana cika mana kunne da ƙa'idar masana: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Kwafi uku kam ka yi. Ɗaya a kwamfuta, ɗaya a baƙin faifai, ɗaya a jan faifai, duk a kulle da buɗaɗɗiyar manhaja mai daraja, duk kuma a durowa ɗaya, a shago ɗaya, ƙarƙashin kwanon da kake ɓoye naman agashe don kada baƙo ya gani. Da aka ce a gudu, kwanon ka ɗauka. Sojoji sun karɓe Madani ranar 11 ga Janairun 2025, Hasahisa a Fabrairu, ka dawo ka tarar ko ƙyauren shagon ba a bar maka ba. Waɗanda suka kwashe faifan ba su tsaya tambayar ko manhajar da ke ciki buɗaɗɗiya ce ba.

Na tuna da na yi maka maganar kwafi na uku tun ana zaman lafiya, ka ce za ka kai wa gwaggonka a Maiwurno in ka sami mai zuwa da ba zai nemi kuɗin mota ba. Ko da ka kai ɗin ma, a ƙarshen Yunin 2024 Sinja ta faɗi, mutanen yankin Sinnar, inda Maiwurno take, suka watse su ma. Wannan shi ne abin da littafin Turawa bai faɗa mana dalla-dalla ba. A wurinsu wani wuri yana nufin gidan surukai a unguwar gaba. A wurinmu sai inda wutar da ta ci Jazira ba za ta kai ba: Jidda, Kano, Alƙahira, ko wani gini cike da kwamfutoci a ƙasar da ba ka taɓa takawa ba, wanda shi ne duk abin da 'yan boko ke nufi in sun ce gajimare. Kada ka ji kunya da yawa dai. A Maris ɗin 2021 gobara ta cinye wata cibiyar ajiyar kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, aka sami masu hulɗa da shi da suka ajiye asali da kwafi a harabar guda, suka rasa duka. Ashe a Faransa ma akwai Zagezagi.

In kana neman malami a wannan fanni, ba sai ka je nesa ba, ga shi nan a Madani. Hukumar Binciken Noma tana da ma'ajin iri da ya tara samfuri sama da 17,000, dawa da gero da riɗi da sauran abin da manoman ƙasar nan suka gada tun kaka da kakanni, a cikin firji. Da garin ya faɗi aka wawashe wurin. Amma tun kafin yaƙi ma'aikatan sun aika wani kaso zuwa rumbun iri na duniya da ke Svalbard, can tsibirin ƙanƙara na ƙasar Norway, wanda aka buɗe a 2008 a cikin dutse, inda ake riƙe iri a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili. A Fabrairun 2025, ana tsakiyar yaƙi, suka sake aika wani. Dubi sharuɗɗan wurin ka ga abin da ake nema a ajiya: akwatin a rufe yake, ba mai buɗe shi sai wanda ya kawo, iri yana nan mallakar mai shi, kuma an taɓa gwada fitarwa, don cibiyar ICARDA da yaƙin Siriya ya kora daga Halab ta karɓo nata a 2015 ta sake shukawa a Labanon da Maroko. Kuma ka lura, ba duk abin da ke firjin Madani aka kai ba. Abin da aka kai shi ya kwana lafiya. Na san abin da ya fi burge ka a labarin shi ne ba a biyan kuɗin ajiya a Svalbard, amma ba sa karɓar bidiyon kamu.

Tunda lissafi ba gadonku ba ne, zauna Bakano ya yi maka. Manhajar ce kyauta, rumbun na haya ne, kuma da dala. Ka ce kafin yaƙi bidiyon bukukuwan da ka tara sun kai terabait 2, kuma haka kake son sake tarawa. A farashin da kamfanin hayar rumbu Backblaze ya sa a Oktoban 2023, dala 6 ne kowane terabait a wata, wato dala 12, a shekara 144. Google yana ba da terabait 2 kan kusan dala 10 a wata a farashin Amurka. Rumbun Amazon na yau da kullum, S3, kusan dala 23 ne kowane terabait a wata. Yanzu juya su zuwa jine, kuɗin ƙasarmu. A Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar jine daga 55 zuwa 375 kan dala ɗaya. Kafin yaƙi yana wajen 600. A 2024 ya haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Ko a kan 2,000 ɗin, dala 144 ta zama jine 288,000, kuma kuɗin haya ne da ke hawa da kansa duk ranar da jine ya zame, alhali kuɗin buga takarda a shagonka sai an yi rantsuwa kafin ka ƙara.

Na ji an ce idonka ya faɗa kan wani sashe na Amazon mai suna Glacier Deep Archive, da ake ajiye terabait kan kusan dala 1 a wata, har ka yi sujudar godiya. Tashi. Wannan irin mai siton nan ne da ke karɓar buhunka da fara'a kan kuɗi kaɗan, ranar fitarwa kuma ya ce akwai kuɗin buɗe ƙofa, akwai na ɗan dako, kuma sai gobe. Sai ka jira awa 12 ko fiye kafin a miƙo maka kayan, akwai kuɗin tono su, sannan fitar da su zuwa intanet kusan santi 9 ne kowane gigabait, wato wajen dala 90 a terabait. Terabait ɗinka 2 za su nemi kusan dala 180 kuɗin fita kaɗai, a daidai ranar da kake gudun hijira ba ka da ko na waken ful. Araha ba ta ado. Kafin ka tambayi kuɗin shiga, tambayi na fita.

Duk wannan ma in kayan sun isa can ne. Ɗauka sabis yana ba ka megabit 1 a daƙiƙa wajen turawa, wanda a ƙauyukanmu sai a ranar sa'a. Terabait ɗaya zai ci kwana 92 ba tsayawa, biyu wata shida, ba a ɗauke wuta ba, sola bai gaza ba, kuma ba mu lissafa kuɗin data ba. Kafin bidiyon aure ya gama hawa an kusa suna.

Saboda haka gyaran ba daga manhaja zai fara ba, daga tsince zai fara. Me ke cikin shagon nan da in ya ɓace ba ya dawowa? Kai ka fi ni sani, don a gabanka mutane suka riƙa kuka bayan dawowa. Takardar jinsiyya, lambar ɗan ƙasa, shaidar haihuwa, shaidar makaranta, takardar fili, yarjejeniyar noma tsakanin mai gona da mai aiki, littafin bashi. Ga wasu mutanen, takarda takarda ce, a je ofis a sake fitarwa. Ga Bahaushen Jazira ba haka ba ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, alhali Maiwurno kanta sai bayan yaƙin Burmi na 1903 aka kafa ta, kuma madatsar Sinnar da ta jawo iyayenmu aikin auduga sai a 1925 aka gama. Sai dokar 1994 ta dawo da ma'aunin zuwa 1956. Iyayenmu da suka zauna a kambo, sansanin 'yan ƙwadagon gona, sun san nawa suka sha kafin a buga musu hatimi, kuma har yau akwai teburin da in ka ce takardarka ta ƙone, za a ɗago kai a tambaye ka asalin kakanka. Waɗannan takardu, na gidanka da na duk masu zuwa shagonka da suka yarda ka ajiye musu, in an ɗauke su a hoto da kyau ba za su wuce gigabait kaɗan ba. Kuɗin ajiyarsu a wata bai kai na shayi ɗaya ba, kuma a dare guda za su hau. Bidiyon biki kuwa ka zuba wa ango nasa a filash, ka karɓi kuɗinka, ya je ya adana tarihinsa da kansa.

Sai batun mabuɗi, inda na fi jin tsoronka. Buɗaɗɗiyar manhaja in ta kulle ajiya, ta kulle ke nan. Ba lambar waya da za ka kira ka ce ka manta, ba manaja da za ka kai wa goro. Kalmar sirrin in ta ɓace, terabait dubu ma shara ne. Kai kuma mutum ne da ke manta bashin jiya in kai ake bi. Rubuta ta a takarda da hannunka, ɗaya wurin uwargida, ɗaya wurin ƙaninka na Jidda, wanda dama da katinsa za a riƙa biyan hayar. Na san ba ka son uwargida ta san sirrin komai, amma wannan ba na kuɗi ba ne, ka kwantar da hankalinka.

Kuma ka rage cewa buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da aibu don kowa yana iya karanta rubutun cikinta. Kai ka karanta? A Maris ɗin 2024 aka gano wani ya shafe wajen shekara biyu yana taya aikin wata ƙaramar manhajar matse fayil mai suna xz, wadda kusan kowane Linux ke ɗauke da ita, har ya sami amincewa ya dasa ƙofar ɓoye a ciki. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya kama abin, don ya lura shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Gaskiya ne da a rufe take da wuya a gano da wuri haka. Amma kuma gaskiya ne aikin yana wuyan ɗan sa-kai guda ne da ya gaji, shi ya sa ɓarawon ya sami ƙofa. Kai da ke amfana da gumin irin waɗannan mutane, ko dala ɗaya ka taɓa aika musu? Kada ka amsa, kada in sa ka yi ƙarya.

Talakawan da ke shigowa da waya kuwa, ka ƙyale su da wa'azin baƙin allo da rubutun umarni. Mai shayin bakin tasha ba za ta koyi restic ba, kuma ajiyar da wayarta ke yi da kanta kowane dare, ko ta rufaffen kamfani ce, ta fi ajiya mai tsarki da ba a taɓa kunnawa ba. Aikinka shi ne ka gaya mata ramukan. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, wasiƙu da hotuna duk a ciki suke ci, kuma tun farkon 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma a ciki take, don haka bidiyon barkwancin da ake turowa ne ke cinye wurin takardar fili. Asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba, kamfanin ya ce yana iya share shi, kuma a cikinmu akwai waɗanda suka rabu da wayoyinsu tun Disambar 2023. Lambar tabbatarwa tana zuwa ne ta layin waya, layin in ya tafi da wayar, asusun ya zama na kallo, sai an tanadi lambobin ko-ta-kwana a takarda. Sannan ka tuna Fabrairun 2024, da layukan Zain da Sudani da MTN duk suka ɗauke, manhajar banki ta Bankak ta tsaya, a Jazira aka yi watanni sai dai a biya kuɗin awa a gindin Starlink. Ranar nan ajiyar nesa tana nan lafiya, amma hannu ba ya kai gare ta. Shi ya sa filash ɗaya mai takardun gida ya kamata ya zauna a aljihun jallabiya, kusa da kuɗi, inda na tabbata kai dai ba za ka bar shi a baya ba.

Hukuncina ke nan: ajiyar shago da buɗaɗɗiyar manhaja, faifai ɗaya a gida, ƙaramin kwafi a rumbun haya na ƙetare mai sauƙin kuɗin fita, wayoyin jama'a kuma a bar su da abin da ke aiki a hannunsu.

Saura abu guda. Kullum kana nuna wa mutane allon yana cewa an gama ajiya lafiya, kana murmushi. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ranar Juma'a bayan an sauko zan zo shagon da kwamfutar da ba ta taɓa ganin faifanka ba, in zaɓi takarda ɗaya da kaina, ka dawo da ita daga ajiyar nesa a gaban shaidu, da kalmar sirrin da ke hannun uwargida. In ta fito, jabanar majalisa a kaina. In ba ta fito ba, agashen kowa a kanka, kuma ba za a karɓi uzurin cewa Bankak ya ƙi tafiya ba, ka tanadi tsaba.